Ka Gwada Min Ita

2 ga Maris

Zuwa ga ɗan kawuna Tartsatsi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka, da wannan bayan naka da kake ɓoye ciwonsa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke faɗa min za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. Wasiƙa na rubuto na ba direban da ke kai muku ƙarfe, don ka san kunnena da waya: kai kana ihu, ni ina cewa na'am, a tashi ba wanda ya fahimci wani.

Wata buƙata gare ni, tunda kwangilar benen nan ta riƙe ka a can. Likita, wadda nake wa ɗinki shekara ashirin da biyu, an ba ta shugabancin asibitinsu, za a yi taron miƙa mata ofis ranar 20 ga Afrilu. Ta kawo min hoton wata kwat ta mata da ta yanko a mujalla, ta ce irinta take so. Ta kawo yadi ruwan toka wanda marigayi mijinta ya sayo mata tun da daɗewa. Yanka ɗaya zai yi, ba ragowa, ba kuma inda za a samo irinsa. Na jarraba a tsohon yadi sau biyu. Kafaɗar ta ƙi tsayawa, hannun yana yamutsewa kamar fuskar wanda ya sha magani mai ɗaci. 'Yar Likita kuma sai zuga ta take ta kai sabon shagon nan na bakin titi, masu keken kwamfuta.

Sunan shagon da ke sayar da rigar yana ƙasan hoton, ɗana ya duba ya ce a garin da kake aiki yake. Ga hoton a cikin ambulan. Don zumunci ka shiga ka gwada min ita, musamman kafaɗa da hammata, ka faɗa min yadda ta zauna daga ciki.

'Yar gwaggonka,
Tela

9 ga Maris

Zuwa ga 'yar gwaggo,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Bayana lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ce miki yana ciwo, ki tambaye shi wa ya hau bene hawa tara jiya har sau huɗu. Sannan wannan suna Tartsatsi, ki daina rubuta shi a bayan ambulan. Direba ya karanta shi da ƙarfi a gaban ma'aikata goma sha huɗu. A nan Shugaba ake ce min, kuma ba gadonsa na yi ba.

Na je shagon naki ranar Asabar. Na sa baƙar kwat ɗina, wadda na sa ranar da aka ba ni kwangilar nan, na goge takalmi da kaina. Titin ma ba irin wanda kika sani ba ne. Ba mai talla, ba mai facin taya, motoci ma a hankali suke tari. Ƙofar shagon gilashi ce mai kaurin yatsa biyu. Na tsaya ina duba yadda aka ɗaure ta, don aikina ne, sai wani mai gadi ya buɗe ta daidai faɗin fuskarsa ya ce, "Wa kake nema?" Na ce ba mutum nake nema ba, riga ce. Ya dubi takalmina, ya dubi hannuna, ya daɗe a kan hannun. Kin san hannuna, shekara talatin na walda ba sabulun da zai wanke.

Ciki kuwa, 'yar gwaggo, shago ya kai wurin aikina girma, amma riguna goma sha ɗaya na gani. Na ɗauka sata aka yi musu, har na so in yi jaje. Kujera ɗaya ce tak, kuma daga ganinta ba don zama aka yi ta ba. Ƙarfen da suka rataye rigunan a kai ma, waldarsa ta yara ce, fenti ne ya rufa mata asiri. Ma'aikata uku suna tsaye kamar za a ɗauke su hoto: wani dogo mai farar safar hannu, wata siririya da ba ta motsa leɓe in tana magana, da wata da ban ga aikinta ba sai kallo. Na yi sallama, shiru. Na sake yi, Dogo ya ɗaga gira ɗaya. Ashe a wurinsu amsar ke nan.

Na fito da hoton. Siririya ta ce, "Wannan sai an yi alƙawari ake ganinta." Na ce ai ga ta can a jikin mutum-mutumi, ina ganinta ba tare da na yi wa kowa alƙawari ba. Ta ce, "Wa za a saya wa?" Na ce ba saye ya kawo ni ba tukuna, gwadawa za a yi. Ta leƙa bayana ta ce, "Ina mai gwadawar?" Na ce ga ni.

Dogo ya ce, "Malam, ta mata ce." Na ce na sani, ni ma mace ce ta aiko ni. Ya ce ba za ta shige ni ba. Na ce masa ni da na shigar da ƙofa mai faɗin mita huɗu ta tagar bene, ba shi zai koya min abin da ke shiga da abin da ba ya shiga ba. Daidai nan wasu mata biyu suka shigo, su kuma da alama ba su son hayaniya a gaban baƙi. Sai ya ɗauko mafi girmar da suke da ita, ya miƙo min daga nesa kamar mai miƙa abu ta kan katanga.

Ga rahotona, tunda kin ce kafaɗa da hammata. Hannun dama ya shiga har gwiwar hannu, daga nan sai da dabara. Kafaɗar a wuyana ta tsaya. Hammata tana cizo. Daga ciki tana da santsi da sanyi, wannan na yaba. Da na ɗaga hannu in ji yadda take in mutum zai gaida jama'a, tunda Likita za ta gaida jama'a, sai na ji wani ɗan sauti, ɓarat, ƙarami ƙwarai, wanda ba kowa zai ji ba. Su ukun sun ji. Siririya ta motsa leɓe a karon farko. Dogo ya zare min ita kamar mai fiɗa, ya tafi da ita a kan hannu biyu kamar marar lafiya. Ban kai ƙofa ba na ji ana fesa turare a inda na tsaya.

A taƙaice rigar nan matsattsiya ce, ɗinkinta kuma ba ƙwari. Ki ba Likita shawara ta haƙura da ita.

Naki,
Shugaban Kamfanin Ƙofofi da Tagogi

14 ga Maris

Tartsatsi (a cikin wasiƙa ne, ban sa a ambulan ba),

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, yanzu haƙarƙarina ke ciwo, kuma kai ka ja min. Ina kan keke na karanta wasiƙarka, sai da na sauka na zauna a ƙasa. Maƙwabciya ta leƙo a guje, ta ɗauka rasuwa aka yi.

Ɗan kawu, gwadawa na ce, da tef. Awo. Ni tela ce, in na ce a gwada riga me kake zato? Wa ya ce ka sa? Kai da wuyanka ya fi ƙugun Likita kauri. Yadda ta zauna daga ciki kuma, nufina ka leƙa ƙarƙashin shafin ka ga abin da suka cusa a kafaɗar, ba yadda kai ka ji a cikinta ba.

Gaskiya ƙin amsa sallamar bai yi ba, haka ma turaren. Amma da wani ƙato zai shigo shagona ya cusa hannu a rigar mutane, ni da tsintsiya zan raka shi.

Saura sati biyar, ɗinkin kuma yana cin biyu in an yi sa'a. Don Allah ka koma. Ka bar baƙar kwat da shugabancin a masauki, ka je a matsayinka na ma'aikaci mai aikin hannu, ka duba ta da idon da kake duba ƙofa. Tsawon kafaɗa, zagayen hammata, da abin da ke ciki.

'Yar gwaggonka

27 ga Maris

Zuwa ga Malama Tela,

Bayan gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ko da yake ba a tambaya ba. Jinkirin amsa ba daga direba ba ne, daga ni ne.

Na karanta inda kika ce in je a matsayina na ma'aikaci. Na gode da tunatarwa. Na ɗauka a cikin dangi an wuce wannan wurin, ashe har yanzu ni ne mai riƙe wa mutane ƙarfe. Maganar tsintsiya ma na adana ta. Kalmar gwada kuma, na tambayi mutum huɗu a wurin aiki, uku sun ce sawa ne. Na huɗun matarsa tela ce, ba a karɓar shaidarsa.

Duk da haka na koma, don kada a ce. Na tafi da tef ɗina na ƙarfe mai mita biyar, wanda bai taɓa yi min ƙarya ba. Mai gadi ya gane ni tun daga tsallaken titi ya gyara tsayuwa. Sai ga wata mata ta sauko daga mota da ɗan ƙaramin kare a hammata, aka wangale mata ƙofa, na shige a inuwarta. Karen ma an yi masa sannu da zuwa.

Wadda na gwada ba ta nan, sai ta jikin mutum-mutumi. Na maƙala bakin tef a kafaɗar na ja, na sami santimita goma sha biyu da rabi. Ina shirin zagaya hammata sai Siririya ta ce daga bayana, "Ba a awo a nan, ba a hoto, ba a taɓawa." Na juya in ba ta amsa, tef ya kuɓuce ya koma gidansa a guje, fat. Kare ya hau haushi. Mutum-mutumi ya sunkuyo kamar zai gaishe ni, shi kaɗai ke da tarbiyya a shagon, Dogo ya tare shi da ƙirji.

Na ciro katin kamfanina na miƙa masa, don ya san da wa yake magana. Ya karɓa da yatsa biyu, ya karanta, ya ce, "Ƙofofi. To Malam, in aiki kake nema, ƙofar ma'aikata tana baya, ta lungu, kusa da kwandunan shara." A hankali ya faɗa, da murmushi, a gaban matar nan da karenta.

Kin san shekara shida na yi a gidan maigidana ina koyon aiki. Ta ƙofar baya nake shiga, a bakinta ake miƙo min abinci, in an yi baƙi a ce in dakata a waje. Ranar da na buɗe wurina na ce ni da ƙofar baya mun rabu har abada. Ni nake ƙera wa mutane ƙofar gaba. Ga santimita goma sha biyu da rabi, ki yi abin da za ki yi da su. Ni na sauke.

Shugaba

31 ga Maris

Ɗan kawu,

Gaisuwa. Yaya jikin, yaya bayan? Ka ga na tambaya. Ni lafiya.

Ba zagi na yi ba. Da na ce ma'aikaci, abin da na fi girmamawa a jikinka na kira. Ni ma ai ma'aikaciya ce. Amma na ji, ba zan ƙara aikenka ba.

Jiya na shimfiɗa yadin, na zana da alli, na ɗauki almakashi na ajiye sau uku. 'Yar Likita ta zo da mota, ko zama ba ta yi ba, ta ce uwarta ta ce in abin ya gagara a ba da yadin, ba komai. Wannan ba komai ɗin na san shi. Na roƙi sati ɗaya. In ban yanka ba ranar Talata mai zuwa, zan naɗe shi in ba ta, shekara ashirin da biyu su bi shi.

Abu ɗaya kawai, kuma ba aike ba ne. Masu safar hannun nan ba su san abin da ke cikin rigar ba, ko an farke ta a gabansu. Duk shagon da ke sayar da riga akwai mai rage hannu da ƙafar wando a wani wuri. Ba a gaba ake ajiye mu ba.

'Yar gwaggonka

4 ga Afrilu

'Yar gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, direba yana tsaye mota a kunne. Lafiya lau. Takardar da ke ninke a ciki ki buɗe ta a hankali, zane ne.

Kafin komai ina so ki fahimci abu ɗaya. Ƙofar nan ba ta baya ba ce. Na tsaya na duba ginin da idon sana'a: fuskarsa tana kallon titi, bayansa yana jingine da wani gini, ita kuma ƙofar tana lungu. Ta gefe ce. Wanda ya ce baya bai san gini ba. Kuma ni wucewa nake yi jiya, na ga an ɗaure ta a karkace, na tura in ga abin da ya same ta.

Matakala goma sha uku zuwa ƙasa, ba ƙarfen dafawa. Ɗaki ba taga, fitila uku, keke biyu, dutsen guga yana huci. Wata dattijuwa na zaune da tabarau a kan hanci, baki cike da fil. Na yi sallama, ta amsa tun ban rufe baki ba, ko fil ɗaya bai faɗi ba. Ta dubi hannuna, ta ture yadudduka daga kan kujera ta ce in zauna. Sannan ta tsura wa kafaɗuna ido, ta cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kai ne."

Na ce ni ne wa?

Ta ce, "Wanda ya fasa min hammata. Sati huɗu ina son ganin mai wannan aiki." Ta yaye wani farin ƙyalle, sai ga rigar nan a kwance, an farke shafinta tun daga wuya har hammata. Wai zaren gyaranta sai an aiko daga inda aka ɗinka ta, bai iso ba sai shekaranjiya. Don haka ki lura da kyau: da ban sa rigar nan ba, da ba wanda ya ga cikinta. Ina so a rubuta wannan a ajiye.

Na ba ta wasiƙarki ta farko. Ta karanta, ta yi dariya har ta cire tabarau, daidai wurin da kike zato. Sannan ta ce, "Tana yanka hannun daidai da ramin, ko? Duk haka muka fara." Abin da ta nuna min na zana shi yadda nake zana ƙofa, gaba da gefe da sama. Kan hannun ya fi ramin hammata tsawo da yatsa biyu. Rarar nan ba a yanke ta, ba a ninke ta. Ana ratsa zare biyu a ja kaɗan, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, a bi da dutsen guga har yadin ya shanye ta da kansa. Na ce mata ai haka muke wa ƙarfe da wuta. Ta ce, "To ashe kana da hankali." Kafaɗar kuma hawa uku ce: auduga marar kauri, wani yadi mai tauri, da wani ɗan tsiri da aka yanka a karkace, shi ke tallafe kan hannun. Ta yanko miki guntun kowanne daga ragowarta, suna cikin ambulan. Ta ce in gaya miki kada ki ji tsoron tururi.

Muna cikin awo sai ga ƙafafu suna saukowa, ba takalmi, safa kawai. Dogo ne, takalma a hannu ɗaya, burodi a ɗayan. Ashe takalman matse shi suke yi, nan yake saukowa ƙafar ta sha iska. Ya gan ni ya ƙame a matakala ta ƙarshe. Ya ce, "Mama, wannan ta ina ya shigo?" Ta ce, "Ta inda ka nuna masa. Ajiye burodin ka riƙe mana bakin tef." Ya riƙe. Na ce ya matsa hagu kaɗan, ya matsa. Ban ce masa komai bayan wannan ba, kin san ni ba na son wulaƙanta mutum. Sau uku kawai na sa aka maimaita awon, don a tabbatar.

Ki yanka.

Ɗan kawunki

21 ga Afrilu

Shugaba,

Gaisuwa da godiya. Gwiwa ta kumbura don tsayuwar guga, ban damu ba. Ka yi haƙuri da shirun, hannuna bai huta ba balle ya riƙe biro.

Na yanka ranar Talata da safe, 'yar Likita na tsaye tana kallon agogo. Zanenka na gane shi, ko da yake ka rubuta "a walde nan" a wuri biyu. Hannun farko ya ƙi, na farke. Na tuna maganar tururi, na ba shi har tagar ɗaki ta yi gumi. Sai na ga rarar tana shigewa kamar ba a taɓa yin ta ba. Shekara talatin ina ɗinki ban san yadi yana jin magana haka ba.

Jiya aka yi taron. Likita ta ɗaga hannu ta gaida jama'a, kafaɗa tana tsaye, hammata ba ta ce komai ba. Da yamma ta aiko 'yar tata da wasu yadudduka biyu. Wannan karon ta zauna, har ta tambayi gwiwata.

Ka kai wa dattijuwar nan gaisuwata, ka ce wata tela a nesa tana yi mata addu'a. Ta ƙofar gefe za ka kai, na sani.

'Yar gwaggonka

26 ga Afrilu

'Yar gwaggo,

Gaisuwa da barka. Bayana ya ɗan motsa, amma matakala ce ta ja, ba shekaru ba.

Na kai saƙonki jiya. Na kuma tafi da injin walda da mutum biyu, don mace mai shekarunta tana hawa tana sauka ba abin dafawa bai yi ba, kuma cikin masu turaren nan ba wanda ya taɓa lura. Mun sa mata ƙarfe mai kauri, na goge shi da hannuna har ba inda zai kama zare. Ƙofar ma na daidaita ta.

Muna cikin aiki hayaƙi ya hau sama, sai ga manajan shagon ya sauko yana toshe hanci, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya zo da faɗa a baki, ya dafa ƙarfen don kada ya zame, faɗan ya tsaya. Ya jijjiga shi, bai motsa ba. Ya sake jijjigawa. Ya tambayi Dogo wane ne wannan, Dogo ya ce, "Shugaban kamfanin ƙofofi ne." Manaja ya gyara murya ya ce in na gama in zagayo ta gaba, a ba ni shayi a sama.

Na ce masa na gode ƙwarai, amma Mama ta riga ta ɗora ruwa a nan ƙasa.

Ɗan kawunki